Kayan kifa fuska bayan tiyatar hujin makula: wanne ke aiki, wanne ke cin wuri kawai

Kamfanonin da ke ba da hayar kayan jinya sukan haɗa wasu kaya guda huɗu don wanda aka yi wa tiyatar hujin makula: kujerar da ake zama a kife, matokarin fuska na kan tebur, matokarin fuska na kan gado tare da matasan kai na ƙirji, da madubi mai gilashi biyu. Hukuncinmu tun farko shi ne na kan gado da madubin sun cancanci kuɗinsu, na kan tebur yana da amfani idan an daidaita tsayinsa, kujerar kuwa ita ta fi girma, ita aka fi sawa a talla, amma ita ce mutane da yawa za su iya yi ba tare da ita ba. Kafin ma a ɗauki ko ɗaya, sai an tambayi likitan da zai yi aikin abu biyu: maikiron nawa ne faɗin hujin (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma kwana nawa yake so a kife.

Ba za a iya auna kayan ba sai an san abin da ake nema su yi. Makula ɗan fili ce a tsakiyar retina, wato shimfiɗar da ke bayan ido tana karɓar haske. Faɗinta kusan milimita 5.5 ne, kuma a tsakiyarta akwai ɗan gurbi, fobiya, wanda da shi ake karatu da gane fuskar mutum da zura zare a allura. Cikin idon cike yake da wani ruwa garau mai kauri da yauƙi, bitiriyos. Idan shekaru suka ja, ruwan yakan tsinke ya janye daga jikin retina, kuma a yawancin mutane yakan rabu lafiya ƙalau. A wasu kuwa yakan maƙale a daidai fobiya ya yi ta ja har wurin ya tsage ya zama huji. Abin ya fi samun waɗanda suka haura shekara 60, kuma ya fi samun mata. Bugu a ido da tsananin rashin gani daga nesa su ma suna kawo shi.

Mai hujin ba ya makancewa gaba ɗaya, domin ganin gefe yana nan. Abin da yake lura da shi shi ne layin da ke miƙe ya lanƙwashe, haruffan tsakiyar kalma su matse ko su ɓace, daga baya kuma wani tabo mai duhu ko toka-toka ya zauna a duk inda ya kai dubansa. Da yake ɗayan idon yana rufa wa mai ciwon asiri, wasu sai sun rufe lafiyayyen bisa tsautsayi sannan su gano. Na'urar OCT, mai ɗaukar hoton retina, ce ke tabbatar da hujin ta kuma auna shi. Rabe-raben da likitoci ke bi tun 2013 sun sa ƙarami daga maikiron 250 zuwa ƙasa, matsakaici tsakanin 250 da 400, babba kuma abin da ya wuce 400. Wannan lambar ce ya kamata ta yanke maganar hayar kaya, ba hoton da ke jikin takardar talla ba.

Tiyatar sunanta bitirektomi. Kafin 1991, lokacin da Kelly da Wendel suka wallafa sakamakon aikinsu a Amurka, ana ɗaukar hujin makula ciwon da ba shi da magani. A idanu 52 da suka yi wa aiki, kashi 58 cikin ɗari ne suka rufe. Yau, a hujin da bai wuce maikiron 400 ba kuma bai daɗe ba, fiye da tara cikin goma suna rufewa da aiki ɗaya. Ana huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga bakin baƙin ido: ɗaya ta shigar da ruwa don kada idon ya lotse, ɗaya ta fitila, ɗaya ta abin yanka da zuƙa. A cire bitiriyos, a rina wata siririyar fata da ke saman retina da shuɗin rini don a gan ta, a ɓare ta kewaye da hujin da ɗan hantsaki domin gefunan su saki. Idan hujin babba ne, likitoci da yawa ba sa cire fatar duka, sai su juya wani ɓangarenta su rufe bakin hujin da shi, dabarar da Michalewska da abokan aikinta suka bayyana a 2010. Daga ƙarshe a zuƙe ruwan a cika idon da iskar gas.

Iskar ce dalilin duk waɗannan kaya. Aikinta ta hana ruwa shiga hujin, ta bar wurin a bushe har gefunan su haɗu. Tana tashi sama kullum, kamar kumfar da ke cikin ma'aunin daidaito na magina: duk inda aka karkata kai, sai ta gudu ɓangaren da ya fi tsayi. Makula tana can bayan ido, don haka sai an kalli ƙasa sannan ta zama ita ce a sama, iskar ta zauna a kanta. Abin da ake so ke nan, idon ya kalli ƙasa sosai. Sunkuyar da wuya alhali ƙwayar idon tana leƙen gaba ba ya biyan buƙata, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi, har da masu kaya masu tsada.

Shin kowa ne ke buƙatar kifewar? A'a. Idan iskar ta cika idon sosai, tana rufe makula ko mutum yana zaune a miƙe, kuma hujuna da yawa suna rufewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A ƙananan hujuna, binciken da aka yi bai nuna kifewa na ƙara wani abin a zo a gani ba, shi ya sa wasu likitocin ke cewa kawai kada a kwanta rigingine. A manyan hujuna maganar ta bambanta. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2020 ya kwatanta kifewa ta awa 8 a rana har kwana 5 da zama fuska a gaba, a hujunan maikiron 400 zuwa sama. Kusan kashi 95 cikin ɗari suka rufe a masu kifewa, kusan 86 a ɗaya rukunin. Bambancin bai kai matakin da masu lissafi ke kira tabbatacce ba, amma ganin masu kifewar ya ɗan fi kyau. A ganinmu wannan ya isa hujjar mai babban huji ya ɗauki kifewa da muhimmanci, kuma bai isa hujjar sayar wa mai ƙaramin huji kujera ta mako biyu ba. Takardun kamfanonin haya har yanzu suna magana kamar kowa zai yi mako biyu a kife, alhali likitoci da yawa yanzu kwana 3 zuwa 7 suke cewa.

Mu fara da na kan gado, domin da dare ake asarar kifewa. Da rana mutum yana sane, yana gyara kansa. Da barci ya ɗauke shi sai jiki ya juya yadda ya saba. Kayan sun ƙunshi matashin fuska mai siffar kofaton doki a kan wani ƙarfe ko katako mai ɗan tsayi, da matashi mai gangara da ke ɗaga ƙirji da ciki, wani lokaci da ɗan dunƙulen matashi na ƙarƙashin idon sawu. Akwai iri biyu. Ɗaya ana cusa gindinsa ƙarƙashin katifa, fuskar ta fito waje da bakin gado. Ɗaya ana ajiye shi a kan katifar. Na farkon ya fi ba da iska, tunda babu komai ƙarƙashin hanci sai fili, amma idan katifar ba ta da nauyi yakan sunkuya, wuya ya rataya, a wayi gari da ciwon ƙeya. Na biyun ya fi zama daram a katifa mai tauri. A mai laushi kuwa yakan nutse, tazarar da ke tsakanin hanci da zanin gado ta ragu, numfashi ya yi ɗumi, mai jinya ya juya gefe ba tare da ya sani ba. Faffaɗan katako ko tire mai ƙarfi a ƙarƙashinsa yana gyara wannan.

Daidaitawar ita ce aikin. Nauyin kai ya sauka a goshi da ƙasusuwan kunci, haɓa ta zama a sake, kuma kada komai ya taɓa idon da aka yi wa aiki ko marufin roba da ake ɗaura masa da dare. Idan buɗaɗɗen tsakiyar matashin ya yi ƙunci, gefensa zai danna marufin, marufin ya danna fatar ido. Matashin da ake iya buɗawa ko matsewa saboda manne-mannen da ke ƙarƙashinsa ya fi wanda aka ɗinke a siffa ɗaya. Ƙirji ya ɗagu daidai da fuska ta yadda wuya zai miƙe tare da gadon baya. Idan fuska ta fi ƙirji tsayi, wuya zai lanƙwashe baya, idon ya koma kallon gaba. Idan ƙirji ya fi tsayi, kai zai rataya, fuska ta kumbura da safe. Matashi a ƙarƙashin idon sawu yana sauke wa ƙugu nauyi, kuma ƙananan kamfanoni sukan manta da shi. Nannaɗaɗɗen tawul yana maye gurbinsa.

Soson ma abin dubawa ne. Mai laushi sosai yana da daɗi a minti goma na farko, bayan awa biyu ya lotse har goshi ya ji ƙarfen. Mai rufin leda yana da sauƙin gogewa amma yana tara gumi, kuma gumi kusa da idon da aka huda kwanan nan ba abin so ba ne. A nemi a ba da rigunan matashi na auduga aƙalla uku don a riƙa sauyawa kullum. Wanda ke da matsalar numfashi cikin barci, ko ciwon zuciya, ko ƙiba mai yawa, ko ciwon wuya na dā, ya gaya wa likita tun kafin ranar aiki. Sau da yawa ana yarda ya kwanta a gefe da kunci a kan matashi, hanci ya karkata ƙasa, kuma likitan ne zai faɗi wane gefen.

Madubin ƙaramin abu ne amma shi ke sa mutum ya jure. Gilashi biyu ne a haɗe a kusurwa: na farko ya ɗauko hoton abin da ke gaba, na biyu ya sake juya shi ya miƙe, don haka ana kallon talabijin ko fuskar mai magana ba a kife ba. Madubi ɗaya ba ya yin wannan, hoton zai zo a juye. A duba mahaɗinsa ya zama mai tauri, don mai sako-sako yakan rufe da kansa, mai jinya ya ɗaga kai yana gyarawa. Na gilashi ya fi na roba fitar da hoto, na roba kan lanƙwasa layi, kuma wanda idonsa ɗaya ne ke gani a lokacin ba ya buƙatar ƙarin abin da zai ruɗa shi. Waya ko kwamfutar hannu da aka ajiye a ƙasa daidai ƙarƙashin fuska ma tana aiki, har ta fi, domin tana tilasta wa ido kallon ƙasa. Wasu likitocin suna taƙaita karatu a kwanakin farko saboda yawan motsin ido, a tambaya.

Na kan tebur matashin fuska ne a kan ƙafafun da ake ɗagawa da saukewa. Da shi ake zama cin abinci da sauraron rediyo. Matsalarsa tsayin tebur: idan teburin ya yi tsawo, fuskar ba za ta kife sosai ba, idan ya yi ƙasa, baya zai gantsare. A sa wani ya tsaya a gefe ya duba ko fuskar ta yi daidai da shimfiɗar ƙasa. Wanda ke da faranti a ƙasa na ɗora hannu ya fi. Abin sha kuma da bututu mai lanƙwasa za a sha, domin kurɓa daga kofi yana ɗaga kai. Gaskiya matasan kai biyu a kan tebur da naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin goshi suna yin kusan rabin aikinsa, don wanda kwana uku kawai aka ce masa.

Sai kujerar. Irin ta masu tausa ce: mazauni mai karkata, matokarin gwiwa, matashin ƙirji, abin ɗora hannu da matashin fuska. Kyanta shi ne tana raba nauyi tsakanin ƙirji da ɗuwawu da ƙwauri, wuya ya huta. Ga wanda aka ce ya yi mako guda ko fiye, kuma gwiwoyinsa lafiya, tana da amfani. Amma yawancin masu hujin makula dattawa ne, kuma hawa da sauka daga kujerar na buƙatar ɗaga ƙafa a tsallake mazauni, da ido ɗaya, ba tare da iya auna nisa da kyau ba. Nan faɗuwa take. Mai ciwon gwiwa ba zai yi rabin awa a kanta ba. Tana da maɗaurai biyar ko shida, kuma idan ba wanda ya daidaita ta da jikin mai jinya kafin aiki, to a ranar da ya dawo gida da bandeji ba zai iya ba. A duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka, a kuma gwada ko maɗaurin fuskar yana zamewa idan an danna, domin tsofaffin kujerun haya nan suke fara lalacewa.

Abin da muka fi ganin gazawarsa a wannan hidima shi ne takardar bayani. Tana nuna yadda ake harhaɗa ƙarafa, ba ta faɗin abin da doguwar kifewa ke yi wa jiki. Tsarin da aka fi bayarwa shi ne minti 50 a kife, minti 10 a tashi cikin kowace awa, kuma minti goman nan ba na hutawa a zaune ba ne. A miƙe, a yi tafiya cikin ɗaki, a motsa idon sawu da kafaɗu, a sha ruwa, domin zama wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya ba zato, asibiti ne nan take. Ɗora gwiwar hannu a kan abu mai tauri awa da awanni yana danne jijiyar da ke bi ta nan, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, wani lokaci har makonni. A shimfiɗa damtsen hannu gaba ɗaya a kan abu mai laushi, kada a tokare da tsinin gwiwar. Maganin ɗigawa ma a lokacin hutun ake sa shi: a ɗaga kai na ɗan lokaci, a ɗiga, a bar minti 5 tsakanin magani da magani. Ɗaga kan na minti biyu ba zai buɗe hujin ba, tsallake maganin kuwa na iya jawo kumburi ko ƙwayar cuta.

Game da hayar kanta, a nemi kayan su iso kwana biyu ko uku kafin aiki, a kwana a kansu sau ɗaya tun idanu biyu na gani. A tambayi daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin haya, ranar isowa ko ranar tiyata, da abin da zai faru idan asibiti ya ɗage aikin ko likita ya ƙara kwanaki. A shinshina matashin fuska, a duba ɗinkinsa. Leda mai tsagewa ba ta gogewa da kyau, a mayar da ita.

Akwai dokokin iskar da babu kayan da ke ɗauke su, kuma suna nan bayan an mayar da kujera. Iskar iri-iri ce. SF6, wadda ake sa wa kusan kashi 20 cikin ɗari, tana kai mako biyu a cikin ido. C2F6 tana kai wata guda ko ɗan fiye. C3F8, a kashi 12 zuwa 14, tana iya kai mako shida zuwa takwas. Muddin akwai saura, ko ɗan ɗigo ne, ba hawa jirgin sama, ba tafiya wuri mai tsayi sosai, domin iskar na kumbura idan matsin sararin sama ya ragu, matsin ido ya hau har jini ya daina shiga retina. Haka iskar naitiros oksaid da ake bayarwa wajen sa barci ko aikin haƙori ko a motar ɗaukar marasa lafiya: tana shiga cikin kumfar ta faɗaɗa ta cikin mintuna, kuma ta makantar da mutane. Shi ya sa ake ɗaura wa mai jinya abin hannu mai gargaɗi, kada a cire shi sai likita ya ce iskar ta ƙare. Kwanciya rigingine ma a guje ta, saboda iskar na komawa gaba ta taɓa madubin cikin ido ta gaggauta yanar ido, ko ta tura shi gaba matsin ido ya hau.

A kwanakin farko idon ba ya ganin komai sai haske da motsin hannu, wannan ba abin tsoro ba ne. Daga baya wani layi mai rawa zai bayyana a sama yana saukowa kullum, gani yana buɗewa a samansa, har kumfar ta zama ƙaramin baƙin da'ira a ƙasa ta ɓace. Abin da ba na al'ada ba shi ne ciwo mai tsanani da tashin zuciya ko amai, wanda ke nuna matsin ido ya hau, ko ja da ruwa mai kauri da ciwon da ke ƙaruwa, ko wani labule mai duhu da ke shigowa daga gefe tare da walƙiya, wanda ke nuna retina ta ɓalle. Ɓallewar retina na samun kaɗan cikin ɗari, ƙwayar cuta a cikin ido ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, amma duka biyun a ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta. Yanar ido kuwa kusan kowa da ke da madubin idonsa na asali zai same ta cikin shekara ɗaya ko biyu, shi ya sa wasu likitocin ke haɗa aikin yanar da na hujin lokaci ɗaya.

Rufewar huji ba ita ce dawowar gani kamar dā ba. Yawanci lanƙwasar na raguwa, tabon ya dushe, ana ƙara layi biyu ko fiye a allon gwaji, kuma gyaruwar na ci gaba har wata shida zuwa shekara. Girman hujin da tsawon lokacin da ya yi kafin aiki su ke yanke yawan abin da zai dawo, kuma kifewa fiye da yadda aka ce ba ta ƙara komai sai ciwon wuya. Wanda ba zai iya kifewa ba sam, ko dole ya hau jirgi, akwai man silikon da ake sawa maimakon iska, sai dai yana buƙatar aiki na biyu don a cire shi. Ɗayan idon ma a sa masa lura: idan bitiriyos ɗinsa bai riga ya rabu da retina ba, kusan ɗaya cikin goma na samun huji a shekarun da ke biyo baya. A rufe idon da aka yi wa aiki sau ɗaya a mako, a kalli takardar Amsler mai layuka a tsaye da a kwance ko gefen ƙofa da ɗayan, idan layi ya fara lanƙwasa a nemi hoton OCT cikin kwanaki kaɗan.